Saura Mil Tara

Shafi na 14

Masu cika min waya da "Leonie ina ci gaba, Leonie kin bar mu a bakin get", ku yi haƙuri. Na fara rubuta shafin nan na goge ya fi a ƙirga, don duk na tuno safiyar Asabar ɗin nan sai zuciyata ta tashi. Ga shi nan dai yadda ya faru.

*

A-kori-kurar yayana Wynand ce ta fara shigowa, bayanta a rufe da tamfol. Sai ta matarsa Rentia, tana jaye da tirelar mijina Fanie. A kan tirelar ga motar Pa, a lulluɓe, an ɗaure ta tamau.

Na sauke ajiyar zuciya. Daga gonarmu ta Kakamas zuwa garin George tafiyar yini guda ce, kuma abu ɗaya tak Pa ya roƙa: kada tayar motar nan ta juya a kan titi. A ɗora ta a tirela, a sauke ta a ƙofar gidana. A gabana Wynand ya dafa ƙirji ya yi masa alkawari.

Ya diro yana washe baki. "Sus" yake kirana, wato 'yar'uwa, ni kuma in ce masa "Boet", ɗan'uwa.

"Sus! Ga amanarki. Kamar ƙwai muka riƙo ta."

"Sannunku da hanya, Boet. Jiya da yamma muka sa ran ganinku."

"A Oudtshoorn muka kwana. Rentia ta gaji."

"Bayana kamar zai ɓalle," in ji Rentia. Ko gaisuwa ba ta yi ba ta ce, "Akwai kofi?"

Sai wani wari ya dake ni.

Na matsa jikin tirelar. An wanke ta, har ruwa na ɗiga daga ƙasanta. Amma ni a gona na tashi, ko da sabulun duniya aka wanke kashin tumaki sai na gane shi. Na sa yatsa a tsakanin katakai na zaƙulo guda biyu, ɗanyu.

"Boet, mene ne wannan?"

"Haba Sus, tirela ce fa. A gona ta kwana."

"A kan siminti Fanie ya ajiye ta. Cire tamfol ɗin."

"Ki bari mana Pa ya zo ya buɗe da hannunsa. Zai fi daɗi."

"Cire."

"Wai saurin me kike yi?"

Na kama igiyar da kaina na fizge.

Jar motar Pa mai kujera biyu, wadda ya saya tun kafin ya auri Ma, wadda duk Lahadin duniya sai ya goge ta da tsohuwar singiletinsa. Hancinta ya zama abin tausayi. Tsakuwa ta feffeɗe fentin, ɗigo-ɗigo fari tun daga bamba har gilashi. Fitilar hagu ta tsage. Jar ƙura ta shige kowane lungu na tayoyin. Ga wani ƙauri na ƙonannen mai yana tasowa daga ƙarƙashi.

Na durƙusa na leƙa ƙasan bamba. Sababbin huji guda biyu, ƙarfen yana ta ƙyalli.

"Wa ya huda motar Pa?"



Na miƙe na nufi a-kori-kurarsa na ɗaga tamfol. Ga ƙarfen jan mota mai baki biyu a kwance, ga shingen ƙarfe da ake kafa wa tirela in za a ɗauki dabbobi, duk kashi ya ɓata shi.

"Janta ka yi."

"Sus, tsaya ki ji…"

"Janta ka yi a ƙasa, Wynand! Tun daga ina?"

Ya sosa ƙeya. Namiji mai shekara hamsin da ɗoriya, da furfura a gemu, ya tsaya yana kallon takalminsa.

Rentia ce ta amsa, tana duba farcenta.

"Daga gida. Sai da muka sauke raguna a Oudtshoorn sannan muka ɗora ta. To mene ne? Ba ga ta nan a kan tirelar ba?"

"Raguna?"

"Na yi wa wani manomi alkawarinsu tun watan jiya," in ji Wynand. "Na ga ga tirela, ga hanya ɗaya. Sai in yi tafiyar nan sau biyu?"

"Shi ka cika wa alkawari ke nan. Na Pa fa?"

"Ke ba ki san hanyar dajin Karoo ba ne da tirela mai nauyi. Iska ta bugo, ka ji tana lilo a bayanka. Motar nan ba ta da nauyi, a ƙasa ta fi zama lafiya. Mutane nawa ke jan tsofaffin motocinsu haka zuwa wajen baje koli?"

"Su ma huda su suke yi?"

"Huji biyu ne fa, ba wanda zai gani."

"Ka cire farfela?"

"A firi na sa ta."

"Ban tambaye ka firi ba. Ka kwance farfela?"

"Ba lokaci."

Na rufe ido. Tun muna yara, in Pa zai ja mota ko zuwa cikin gari ne sai ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfela, yana faɗa mana dalili. In inji a kashe yake, mai ba ya zagayawa a giyabos, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Wynand yana wurin. Shi ke riƙe masa sifana.

"Yini guda giyabos yana juyi a bushe. Ƙaurin da kake ji ke nan."

"Za ta tashi, na rantse miki. Mil tara ne fa kawai za ta yi yau."

Yana faɗin haka gabana ya yanke ya faɗi.

Mil tara.

Ku da kuke tare da ni tun shafin farko kun san maganar. A saman dutsen Outeniqua, inda ake tsayawa a hango teku, motar nan ta tafasa da Pa da Ma suna saurayi da budurwa. Kafin inji ya huce ya nemi aurenta. Tun ranar suka yi alkawari, duk ranar da maleji zai cika ya koma sifili, a wurin nan zai cika, su biyu suna kallo. Suka yi ta lallaɓa shi shekara da shekaru. Saura mil tara Ma ta rasu. Pa ya ɗora motar a kan katakai ya kulle rumfa, bai ƙara taɓa makullin ba. Da ya dawo gidan tsofaffi a nan George, sai ya sa Fanie ya auna masa hanya. Daga get ɗina zuwa wurin tsayawar, mil tara cif. Ran Litinin za a yi masa aikin zuciya, likita kuma bai ɓoye mana komai ba. Shi ya sa yau ce ranar.

Na haye tirelar. Hular Wynand ce a kife a kan dashbod, daidai bayan sitiyari.

"Sus, kar ki…"

Na ɗauke ta.

00452.

Na karanta. Na sake karantawa. Na goge gilashin da bakin rigata kamar hakan zai canja wani abu.

"Ya juya," na ce.

"Ban sani ba, Allah ne shaidata! Makulli a aljihuna yake. Tawa motar in ba a kunna ta ba ko lamba ɗaya ba ta hawa."

"Taka motar ta bara ce! Wannan waya ce ta taso daga giyabos. Taya ta juya, waya ta juya, lamba ta hau. Me kake tsammani ya sa Pa ya nace a kan tirela? Don fenti?"

"Na ɗauka don tayoyin ne, sun tsufa."

"Yaushe ka gani?"



"Jiya. Da muke ɗora ta."

"Ka gani jiya. Ka kwana, ka tashi, ka wanke tirela, ka kifa hula, ka shigo min gida kana dariya."

"Me kike so in yi? In kira shi in kashe shi a waya?"

Ban taɓa jin ƙyamar ɗan'uwana ba sai ranar. Haushi na sha ji, tun muna yara. Wannan kuwa ƙyama ce, irin wadda ko hannunsa ba ka so ya taɓa ka.

Rentia ta yi tsaki.

"Ni fa abin nan ya fara isata. Lamba ce fa. Lamba! Mota ai don tafiya aka ƙera ta. Ku ce masa ta cika, shi ke nan, a yi murna."

"Rentia, rufe min baki."

"Ba zan rufe ba. Ni na tuƙo tirela da dabbobi jiya tun asuba, ba wanda ya ce min sannu sai ihu a kan ƙarfe."

Na buɗe ƙofar ɗaya ɓangaren don in ɗauko gyalen Ma da ke cikin aljihun dashbod. Sai warin ya taso min gaba ɗaya, har na ja da baya.

Kujerar Ma. Fatar da ta yi laushi da zamanta na shekara arba'in. Ta jiƙe sharkaf, ta yi wani baƙin tabo a tsakiya. Farin gashi ya manne a jikin kafet. Gefen kujerar an tattauna shi, soso ya fito.

"Me ya zauna a nan?"

Wynand ya harari matarsa. Ita kuwa ko a jikinta.

"Babban ragon ne," ta ce. "Tun a gona yake tunkuyin sauran, ya kusa karya ƙafar ɗaya. Sai muka ɗaure shi muka sa shi nan. Mun shimfiɗa bargo fa."

"Rentia!"

"To ƙarya zan yi? Ai ta riga ta gani."

"Tun a gona?" na ce.

"Tun a gona."

Na tsaya ina lissafin hanyar da na sani kamar tafin hannuna. Daga get ɗin gona, ka bi turɓaya, ka hau kwalta, ka wuce rumfunan shanya inabi. Mil tara zai kai ka daidai kwanar jujin gari, inda ledoji ke maƙale a jikin waya.

"A bakin juji ya cika," na ce. "Ba Pa, ba gyalen Ma, ba teku. Shekara hamsin suna jiran abin nan, wanda ya gani rago ne."

Rentia ta ƙyalƙyale da dariya. Ta yi saurin toshe baki, amma ta riga ta fito.

Na diro daga tirelar na tafi gindin famfo na yi ta kakarin amai. Ba abin da ya fito sai kofin safe.

Wynand ya biyo ni.

"Sus, saurare ni. Akwai dabara."

"Matsa daga kaina."

"Injin huda ƙarfe yana mota. Mu cire wayar maleji, mu maƙala ta a bakinsa, mu juya ta baya. Masu sayar da tsofaffin motoci haka suke yi."

"A nan ka ƙware."

"Zai koma inda yake. Tara, tara, tara, tara, ɗaya. Wa zai sani?"

"Ni."

"Ke kaɗai, sai mu. Kuma don shi za mu yi."

"Don shi? Da ka tuna da shi, da raguna suka bi ƙasa."

"Na ji, ni ne mugu. Ki zage ni har gobe. Amma ran Litinin za a tsaga ƙirjin mutumin nan, Leonie. Kina so ya shiga ɗakin aiki da wannan a ransa?"

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, maganarsa ta shige ni. Na tsaya ina kallon bonet ina tunanin ta ina wayar ta bi. Har ya jawo ni cikin ƙazantarsa ban ankara ba.

"Awa nawa zai ɗauka?" na ji bakina ya tambaya.

"Biyu. Ko uku. Kira Fanie ki ce ya zagaya da shi, ya kai shi shan shayi…"

Hon ya yi ƙara a bakin get.

Muka daskare mu uku.

Motar Fanie ce. A kujerar gaba ga Pa, ya sa hular tuƙinsa mai faɗi, da jan lakatayen da ya ɗaura ranar aurensu.

"Sun yi sauri," in ji Rentia.

"Sauke ta! Sauke ta maza!" Wynand ya ruga ya kwance igiyoyi. Ya saki hambirki, motar ta gangaro ƙasa tana wani gurnani daga ciki da ban taɓa jin ta yi ba. Rentia ta fizgi tawul daga igiyar shanyata ta shimfiɗa a kujerar Ma.

Wynand ya kamo hannuna. Na fizge.

"Ba ya gani, Sus," ya raɗa min. "Yanar idon nan ta rufe shi, ko fuskarki da ƙyar yake ganewa. Ke za ki tuƙa, ke za ki karanta masa. Kawai ki riƙa ƙirgawa. In kun kai sama ki ce ya juya."

"Tir da kai."

"Na yarda. Amma ki yi."

Fanie ya turo Pa a keken guragu. Yana ganin fuskata ya rage murmushi, ya kalli motar, ya kalle ni. Na girgiza masa kai.

"Tun ƙarfe biyar ya shirya," in ji Fanie. "Ma'aikatan gidan tsofaffi suka ce in zo in ɗauke shi kafin ya fito da ƙafa."

A cinyar Pa akwai fulas na kofi, da kofuna biyu na tangaran. Ɗaya mai furen nan ne da Ma ba ta yarda kowa ya sha da shi.

"Ina yarana?" ya ce. "Wynand, ka iso?"

"Na iso, Pa."

"Zo nan." Ya lalubo hannunsa ya riƙe da hannu biyu. "Na san hanyar nan da tirela, ba wasa ba ce. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka yi min abin da ba zan manta ba."

"Ba komai, Pa."

Ba komai. Haka ya ce, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. 

"Kai ni wurinta, Fanie."

Aka tura shi gaban motar. Ya miƙa tafin hannu ya ɗora a hancinta, kamar yadda yake yi duk Lahadi. Ya shafa. Yatsunsa suka tsaya a kan tabon tsakuwa. Suka matsa gaba, suka sake tsayawa.

"Ƙura ce, Pa," in ji Wynand. "Iskar Karoo."

Pa ya ɗauke hannunsa.

"Ku zaunar da ni a wurina tukuna. Minti ɗaya, kafin Leonie ta karɓa."

Fanie da Wynand suka ɗaga shi suka sa shi a bayan sitiyari. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya ja dogon numfashi. Na ga hancinsa ya motsa. Mutumin da ya yi shekara sittin yana kiwon tumaki. Ya juya kai wajen kujerar Ma, ya daɗe a haka.

"Rentia, 'yata, tawul ɗin mene ne wannan?"

"Don… don sanyi, Pa. Fatar ta yi sanyi."

"Uhm."

Ya ɗora kofin mai fure a kan tawul ɗin, a hankali, ya gyara masa zama.

"Elsabé," ya kira sunan Ma, "mun makara, amma mun zo."

Fanie ya juya baya. Ni kuwa na durƙusa a bakin ƙofar, na riƙe gwiwar Pa. Wynand yana tsaye a bayansa yana min alama da ido, yana motsa leɓe: tara, tara, tara.

Na buɗe baki. Har yau ban san wanne zan faɗa ba.

"Pa, maleji yana…"

"A'a, a'a." Ya ɗaga min hannu yana murmushi. "Ba wanda zai karanta min. Kin ɗauka ban shirya ba?"

Ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa, ya yi ta lalube. Ya fito da madubin nan mai mariƙin azurfa da Ma ke ƙara girman rubutu da shi in za ta karanta Littafi Mai Tsarki.

"Tun da aka sa ranar aikin nake koyo da lambobin kalanda," ya ce. "In na matso sosai ina gani tar. Mamanku ta ce da idonmu za mu gani, to da idona zan gani."

"Pa, bari mu hau hanya tukuna," in ji Wynand da sauri. "Rana na yi."

"Ba inda rana za ta."

Ya sunkuya. Ya kara madubin a kan gilashin maleji, ya kai idonsa har hularsa ta taɓa sitiyari.

Ya daɗe.

Ya ɗago, ya hura wa madubin iska, ya goge shi da jan lakatayensa. Ya sake sunkuyawa.



"Leonie."

"Na'am, Pa."

"Zo ki goge min gilashin nan, 'yata. Ban ga tara ko ɗaya ba."